Aikin mai ko na sola: ina mai digirin injiniyan lantarki zai dosa bayan bautar ƙasa?

Ƙanina, kama sola. Takardar neman aikin mai ka tura ta, amma kada ka zauna jiranta.

Mai yana da albashi, ba musu, sai dai ƙofar ƙarama ce. NNPC sai an jima take ɗaukar sababbin masu digiri, ga iyakar shekaru, ga dubban masu nema, kuma galibin aikin yana Fatakwal, Warri da Legas. Matatar Kaduna ta daɗe a kwance. Bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) mai kilomita 614 zai kawo aiki, amma "za a yi" ba ta biyan kuɗin haya.

Sola kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mai kemis, mai ruwan leda, mai rijiyar burtsatse, kowa so yake ya huta da janareta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, hukumar REA mai kai wuta ƙauyuka kuma tana ta kafa ƙananan tashoshin wuta a karkara. Masu hawa kwano su ɗaura farantan sola sun yi yawa. Mai iya lissafi ne ya yi ƙaranci, a nan digirinka zai yi rana.

Ɗauki shagon da ke shan kilowat-awa 10 a yini. Raba da awa 5 na rana mai ƙarfi, kilowat 2 ke nan. Ƙara kashi 30 saboda zafi, ƙura da asarar waya, ya zama 2.6, wato faranti biyar masu wat 550. Idan ka haɗa wayoyinsu a jere, ɗaya na bin ɗaya, ka kula, ƙarfin wutar faranti (volt) hawa yake da sanyin safiyar hunturu. In ya wuce abin da inbata (na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta gida) ke ɗauka, sai dai a ji ƙauri. Siririyar waya tsakanin batir da inbata ma zafi take yi har roba ta narke.

Ka yi wata shida a hannun ƙwararre, ka yi kwas a NAPTIN (cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa), ka nemi shaidar NEMSA (hukumar da ke tantance masu haɗa wutar lantarki), kana adana hoton kowane aiki da lissafinsa don rajistar COREN (majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista) nan gaba.

Ba ka tambaya ba, amma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar kama aiki a kamfanin mai, ɗan damfara ne. Haka masu sayar da tsohon batir a sabon kwali da tambarin 200Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa): sai ka ɗora masa lodi ka auna kafin ka biya, don in ya mutu a wata uku, sunanka kwastoma zai kira.