Labulen zamani iri uku a gida ɗaya: wanda ya yi da wanda bai yi ba

Labulen yadi mai kauri yana shan ƙura ba ya nunawa. Duk wadda ta taɓa sauke na falo a ƙarshen hunturu ta jiƙa shi a baho ta san kalar ruwan farko. Wannan wankin ne ya ishe ni, shi ya sa da muka tashi gyaran gida na ce a sa mini na zamani, irin wanda ake ja da sarƙa ya naɗe sama. Iri uku na sa, kuma sun ga hunturu, sun ga bazara da damina, don haka yanzu ina da bakin magana.

Na falo shi ne wanda kowa ke yayi, mai layi-layi, da masu sayarwa ke kira zebra ko dare da rana. Yadi ne ninki biyu, layi ɗaya mai kauri, layi ɗaya shara-shara kamar raga. In ka ja sarƙar layukan suka daidaita, haske ya shigo. In ka ƙara ja kaɗan masu kaurin suka rufe shara-sharan, ɗaki ya yi inuwa. Kyau kam ba a magana. Baƙi na shigowa shi suke fara tambaya. Da rana kuma yana aikinsa: kana ganin tsakar gida, na waje ba ya ganinka.

Da dare ne labari ke sauyawa. Da zarar an kunna fitila a ciki, waje kuma ya yi duhu, sai abin ya juya: in an bar shi a buɗe, wanda ke tsaye a waje yana ganin komai, kai ba ka ganinsa. Ko an rufe, akwai ɗan tazara tsakanin ninki biyun, mai wucewa ta gefe yana iya hango motsi. Falonmu yana kallon ƙofar shigowa, inda maigidan ke tsayawa da baƙinsa bayan isha'i, ni kuma ba kullum nake da mayafi a cikin gidana ba. Mai sayarwa ba zai faɗa miki wannan ba, da rana tsaka yake nuna miki samfurin. A ƙarshe sai da na ɗora labulen yadi mara nauyi a kansa, da na saya a Kantin Kwari. Wato kuɗi biyu a taga ɗaya.

Ga kuma ƙura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu ko Maris, kuma layin shara-sharan nan yana kama ta. Ba a cire shi a jefa a baho kamar yadi, in aka murje shi ya karye ya yi tamoji, ba ya komawa daidai. Sai dai burushi mai laushi, sannan tsumma mai ɗan danshi a hankali. Nawa fari ne, yanzu ya koma ruwan madara, kuma na haƙura. Mai son sa ta ɗauki ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Wanda ya biya ni kuɗina shi ne na ɗakin barci, ga shi kuwa shi ne mafi rashin ado. Falle ɗaya ne kawai mai naɗewa, an shafe bayansa da wani abu kamar roba da haske ba ya ratsawa. Tagar ɗakin yamma take kallo, kuma duk wanda ya yi Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ranar la'asar ke yi wa irin wannan ɗaki. Na zaɓi mai farin baya don ya mayar da rana waje maimakon ya sha ta. Ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce, kar a fahimce ni ba daidai ba, amma katifa ta daina ɗaukar zafi, ana iya ƙailula. Goge shi kuma ba ya wuce shafa tsumma daga sama zuwa ƙasa. Aibinsa ɗaya: in ka sauke shi ka toshe iska. Daren da aka ɗauke wuta dole a ɗage shi rabi.

Na kicin mai falle-fallen alminiyom ne. Ba ya jin tururi, ana karkata shi iska ta shigo, shi ke nan alherinsa. Maiƙo da ƙura in suka haɗu a kansa sai an bi falle ɗaya bayan ɗaya da ruwan omo, iskar hadari kuma tana kaɗa shi ya yi ta ƙara. Ba zan sake saye ba.

Maganar awo ita ce inda kuɗi ke tafiya. Da murabba'in mita ake sayarwa. Tagar da aka fi yi a gidajenmu, mita 1.2 tsawo da faɗi, murabba'in mita 1.44 ke nan in a cikin ramin tagar za a sa. Mai sakawar da ya zo mana ya duba ya ce, "Hajiya, ramin nan ba zai ɗauka ba, ga ƙarfen tsaro ga ragar sauro, hannun tagar ma zai riƙa tokare shi. A bango za mu kafa." Gaskiyarsa. Ya ƙara santimita 10 a kowane gefe da sama, domin yadin kullum bai kai faɗin ƙarfen da ke riƙe shi ba, in ba a ƙara ba haske zai riƙa zuba ta gefe. Kuɗin ya ƙaru, amma aikin ya fito. Ki bari su zo su auna da kansu. In awon ya kauce, asarar tasu ce, ba taki ba. Ki kuma ja sarƙar samfurin da hannunki kafin ki biya. Ƙaramin injin roba da ke gefe shi ke fara lalacewa, mai araha tun yana sabo za ki ji yana ciza.

Sarƙar nan kuma zagaye take, kuma tana sauka daidai wuyan yaro mai tatata. A ƙasashen waje an sha samun yaran da irinta ta shaƙe, har Turai da Amurka suka kafa ƙa'idoji a kanta. Akwai ɗan maƙalin roba da ake kafewa a bango ya riƙe ta a miƙe. Namu ya zo a cikin kwalin, amma mai sakawar ya tattara kayansa zai tafi bai sa ba. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce ai yawanci ba a damuwa da shi. Na sa ya sake fito da na'urar huda bango ya kafe su duka, na kuma janye gadon auta daga gindin tagar.