Kafin ka sayi na'urar VR don karatu, fara da idon ɗalibi

Yawancin masu neman na'urar VR (wadda ake sakawa a fuska, mutum ya ji kamar yana cikin wurin da yake kallo) don koyarwa kyan hoto suke fara tambaya. Ni kuwa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon wanda zai saka ta nake fara dubawa. A wurin manya takan kai wajen milimita 63, ta yara kuma ba ta kai haka ba. In madubin na'urar bai zo daidai da ido ba, rubutu sai ya yi dishi-dishi, kafin wani lokaci ka ga yaro yana murza ido yana cewa kansa na sarawa, malami kuma ya ɗauka ƙiwa ce.

A nan Quest 3 da Quest 3S na kamfanin Meta suka rabu. Quest 3S, wadda ta fito a 2024, matakan tazara uku kawai madubinta yake da su: milimita 58, 63 da 68. Wanda idonsa ya faɗo a tsakani sai haƙuri. Quest 3 ta 2023 tana da 'yar taya a ƙasa da ake murzawa a hankali daga 58 zuwa wajen 70, hotonta kuma bai cika dusashewa a gefe ba. Ta fi tsada, amma in ɗalibai da yawa za su riƙa karɓa-karɓa, ita zan ɗauka. Pico 4 ta fi daɗin ɗauka a ka, don batirinta a ƙeya yake, sai dai daga 62 take farawa, wanda ya yi wa ƙananan yara faɗi.

Apple Vision Pro, da ta shiga kasuwar Amurka a Fabrairun 2024, wata aba ce daban. Da ido ake zaɓar abu, a haɗa 'yan yatsu biyu a danna, ko a yi amfani da murya. Ga ɗalibin da hannunsa ba ya iya riƙe rimot, wannan babbar ƙofa ce. Amma nauyinta ya haura giram 600, ba a saka ta a kan tabarau sai an sayi madubi na musamman daga kamfanin ZEISS daidai da idon mutum, kuma don mutum ɗaya aka tsara ta. Ba ta aji ba ce.

ClassVR kuwa don makaranta aka ƙera ta. Malami yana tura darasi zuwa duk na'urorin daga allo guda, yana ganin abin da kowa ke kallo. Tana maganin hayaniya, amma ƙarfinta a tafiya tare yake. Ware wa kowane yaro nasa aikin ya rage ga malamin.

Kwalin da ake zura waya a ciki, irin Google Cardboard, a bar shi. Juya kai kawai yake bi, in ka sunkuya ko ka matsa gaba hoton ba ya binka, kuma Google ta rufe Expeditions, manhajarta ta darussan VR da ake amfani da ita a kwalin, tun 2021.

Inda aka fi yin asara shi ne manhaja. Na'ura mai kyau da darasi mai hanya ɗaya tamkar riga ce guda aka ɗinka wa aji. Ka sa mai sayarwa ya buɗe saitin a gabanka. Ana iya yin darasin a zaune, a ɗaga tsayin kallo ga mai keken guragu? Akwai rubutu a ƙasa don mai matsalar ji? Za a iya yi da hannu ɗaya? Sannan batun jiri: idan ido ya ga ana tafiya alhali jiki yana tsaye, zuciya takan tashi. Manhajar kirki tana barin ɗalibi ya nuna wuri ya dira can nan take, maimakon a ja shi a hankali.

In an ce maka manhajar tana gane matakin kowane ɗalibi da kanta, to ka amsa tambaya ba daidai ba sau uku da gangan. Idan bayanin farko ta sake maimaita maka kalma da kalma, talla ce kawai. Ka kuma tambayi inda bayanan motsin yaran suke zuwa, da wanda ke iya ganinsu. Ita Meta ba ta yarda yaron da bai kai shekara 10 ya saka na'urarta ba, daga 10 zuwa 12 kuma sai da asusun da iyaye ke kula da shi.