Ina za ka kafa shagonka na intanet? Zaɓi, kayan aiki da tarkunan da ke hanya

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da mai turaren wuta da humra a cikin gida, da mai kilishi, duk tambaya ɗaya suke yi idan oda ta fara yawa: a ina zan jera kayana mutane su gani su biya ba sai mun yi ta musayar saƙo ba? Kafin ka duba kyau ko arha, fara da wannan: idan aka wayi gari an rufe wurin, me zai rage a hannunka?

Instagram da TikTok wuraren talla ne, zaman haya kake yi, kuma mai gida na iya kulle ƙofa ba tare da ya ji ta bakinka ba. WhatsApp Business yana da kyau ga mai farawa, kundin kayansa na ɗaukar har 500, sai dai ba ya rage lissafin kaya idan an saya. Jiji allon talla ne kawai. Jumia da Konga suna yankar kamasho, kuma kwastoman nasu ne, ba naka ba. Selar ya fi dacewa da mai sayar da littafi ko darasi. Shopify, dandalin da ake haya a gina shago a kansa, na da sauƙi, amma da dala ake biyan kuɗin wata, kuma da yake tsarin karɓar kuɗinsa ba ya aiki a Najeriya, a ƙaramin tsarinsu za su ƙara cire maka kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki, ban da abin da kamfanin karɓar kuɗi zai cire. Bumpa, manhajar tafiyar da shago daga waya, ba laifi ga wanda waya kaɗai yake da ita.

Zaɓina shi ne WooCommerce, manhajar shago da ake ɗorawa a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet. Manhajar kyauta ce, kuma komai na shagon, daga hotuna zuwa lambobin kwastomomi, yana hannunka, kana iya kwashewa ka koma wani wuri duk ranar da ka so. Abu biyu za ka biya: sunan shafi, da masaukin da shafin zai zauna. Ka ɗauki suna mai ƙarewa da .com.ng daga kamfanin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi, irin su GO54 (tsohon Whogohost) ko QServers, saboda da naira za ka riƙa sabuntawa duk shekara. Ga shago mai kaya ɗari ko ɗari biyu, ƙaramin masauki ya wadatar, muddin yana da takardar tsaro ta SSL, wato abin da ke sa adireshin shafi ya fara da https. Let's Encrypt ke ba da ita kyauta, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta.

Bayan an ɗora WooCommerce, ka saita farashi ya zama da naira, ka zaɓi rigar shafi, wato fasalin da mai saye zai gani, marar nauyi kamar Storefront ko Astra. Shadda mai launi goma kada ka yi mata shafi goma. Shafi ɗaya za ka buɗe, ka sa launi da yawan yadi su zama zaɓi, kowanne da farashinsa da adadin da ya rage. Kuɗin kai kaya ka raba shi gida uku: cikin gari, jihohin makwabta, sai nesa kamar Legas da Fatakwal. Idan ta tasha kake aikawa, ka rubuta ƙarara cewa mai kaya ne zai je ya karɓa wurin direba, don nan ne rigima ta fi tashi. Hoto kuwa shi ke kashe yawancin shaguna. Wanda waya ta ɗauka yakan kai megabait huɗu ko biyar. Ka matse kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200. Mai saye da ke lallaɓa datarsa a inda sabis ba shi da ƙarfi ba zai tsaya jiran hoto ba.

Wajen karɓar kuɗi, Paystack, kamfanin da ke karɓar biya ta intanet ya tura maka banki, yana haɗuwa da WooCommerce cikin sauƙi. Yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin N100, ana yafe ɗarin idan cinikin bai kai N2,500 ba, kuma duk girman ciniki cirar ba ta wuce N2,000. Turmin atamfa na N20,000 ke nan N400 za a cire. Kurakurai biyu ake yawan yi. Na farko, a bar mabuɗan gwaji, wato lambobin da Paystack ke bayarwa don gwada haɗa shi da shafi, a manta ba a sauya su da na gaske ba, shafi ya nuna an biya alhali ko kwabo bai motsa ba. Na biyu, a ƙi cike gurbin da aka rubuta Webhook URL a asusun Paystack, wato adireshin da Paystack ke bi ya sanar da shafinka cewa an biya. Idan babu shi, kwastoma ya biya, sabis ya yanke kafin ya dawo shafinka, odar za ta tsaya kamar ba a biya ba. Kafin ka sanar da kowa, ka sayi abu na N200 da katinka ka bi sawun kuɗin har banki. Sannan ka sa ƙarin manhajar UpdraftPlus ta riƙa ajiye kwafin shagon a Google Drive duk mako.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Idan za ka ba wani aikin gina shafi, kai za ka sayi sunan da masaukin, da imel ɗinka da lambarka, sannan ka ba shi izinin shiga. Masu ginin da yawa sukan yi rajista da sunansu, shekara na zagayowa su tsuga kuɗi, ka ƙi biya su kashe shafin, sunan da ka buga a ledoji da kwalaye ya zama ba naka ba. Asusun Paystack ma da BVN ɗinka za a buɗe, kuɗi su faɗa asusunka kai tsaye. Duk wanda ya ce a fara amfani da nasa kafin naka ya fito, ka sallame shi.

Ka tambayi mai ginin daga ina ya samo rigar shafin da ƙarin manhajojin. Akwai na kuɗi da ake fasawa a raba kyauta; ba sa karɓar sabuntawa, kuma sau da yawa an dasa musu ƙofar baya. Alamar ita ce wata rana shafinka ya riƙa tura mutane wurin caca, ko Google ya sa masa jan gargaɗi. Gyaran ya fi kuɗin lasisin tsada.

Sai alat na bogi, wanda ya durƙusar da masu sana'a da dama. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe manhajar bankinka, ko Moniepoint ko OPay, ka ga kuɗin sun hau lissafi kafin kaya su bar hannunka, ko da mai sayen na kira yana cewa mota za ta tashi. Gaggawar ita ce makaminsu. Wani kuma zai ce ya tura fiye da kima, a taimaka a mayar masa da ragowa. Haka mai kira ya ce daga kamfani yake, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka: da su zai ƙwace WhatsApp ɗinka ya bi kwastomominka yana karɓar kuɗi da sunanka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, Instagram, imel da Paystack, kuma yaron shago ka buɗe masa nasa asusun a WooCommerce da matsayin manajan shago, kada ka ba shi kalmar sirrinka.