DHT11 ko DHT22: wanne ya dace da injin ƙyanƙyasa mai aika saƙo zuwa waya?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa injin ƙyanƙyasa na ƙwai ɗari da ESP32, ƙaramar kwamfutar nan mai hawa intanet, kana so ya riƙa turo maka zafi da danshin cikinsa a waya ko kana kasuwa. Mai shago ya nuna maka sensa guda biyu, wato na'urorin auna zafi da danshi, DHT11 mai launin shuɗi da DHT22 fari, farin kuma ya fi tsada. Tambayarka ita ce ko akwai dalilin ƙara kuɗin, tunda duk aikinsu ɗaya.

Akwai dalili, kuma babba ne. Ɗauki DHT22.

Da ido ba su da wani bambanci sosai. Kamfani ɗaya ne ke ƙera su, Aosong na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, kuma DHT22 shi ne za ka ga an rubuta masa AM2302. Kowanne yana auna zafi da danshi, yana miƙa wa ESP32 sakamakon ta igiyar waya guda, sannan lambobin umarnin kwamfuta da ka rubuta wa ɗaya za su yi wa ɗayan aiki in ka canja layi ɗaya tak. Inda suka rabu shi ne wajen gaskiyar abin da suke faɗa.

Ƙwan kaza yana son zafin digiri 37.5 a injin da ke da fanka, tsawon kwana 21. Takardar kamfanin ta ce DHT11 na iya kuskure da digiri 2 sama ko ƙasa. Wato idan wayarka ta nuna 37.5, ainihin zafin cikin akwatin zai iya zama 35.5, zai iya zama 39.5. A 35.5 ƙyanƙyasa za ta yi jinkiri, 'yan tsakin da suka fito su fito da rauni. A 39.5 kuwa, in ya ɗore, da yawa za su mutu tun cikin ƙwai, wasu su fito da nakasa a ƙafa. DHT22 kuskurensa rabin digiri ne, kuma yana ba da lamba har da ɗigo, 37.4 ko 37.8, don haka kana ganin zafi yana hawa tun kafin ya yi ɓarna. DHT11 da yawa da ke kasuwa cikakkiyar lamba kawai suke bayarwa, daga 37 sai 38.

Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, domin mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar na'ura ta hau intanet ta zama mai wayo. ESP32 ba ya jin zafi. Manhajoji irin su Blynk ko ThingSpeak da za su zana maka jadawali a waya ba su taɓa shiga akwatin ba. Duk ɗan aike ne, abin da aka faɗa masa shi zai kai. In sensa ya yi ƙarya, ƙaryar ce za ta iso wayarka cikin tsari mai kyau, kai kuma ka kwanta hankalinka kwance har ranar 21 ta zo.

Batun danshi ma farin ya fi, amma tazarar ba ta kai ta zafi tsanani ba. Ana son danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sai a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, lokacin da aka daina juya ƙwai. DHT11 na iya kaucewa da kashi 5, DHT22 kuwa wajen kashi 2, ko da yake yakan kai 5 a wasu yanayi. Abin da ya shafe mu musamman shi ne DHT11 ba ya karanta ƙasa da kashi 20. Da hunturu iskar Kano ko Damagaram takan bushe ƙasa da haka, saboda haka in kana so ka san yanayin ɗakin da injin yake, shuɗin ba zai gaya maka ba. DHT22 yana karantawa daga sifili har ɗari.

Wuri ɗaya DHT11 ya fi, ban da araha: yana ba da amsa kowace daƙiƙa, DHT22 sai bayan daƙiƙa biyu. Wannan ba zai amfane ka da komai ba, zafin akwati ba ya canjawa da wannan saurin. DHT11 ka bar shi wa mai koyo, ko wanda ke son sanin ko shagonsa ya yi zafi.

In ka saya, kada ka zuba ƙwai sai ka gwada shi. Kunna injin babu komai ciki, ka bar shi yini guda, ka ajiye ma'aunin zafi irin na asibiti kusa da sensan, daidai tsayin da saman ƙwai zai kasance. Irin wannan ma'auni an yi shi ne don zafin jikin mutum, kuma zafin ƙyanƙyasa yana cikin wannan iyaka. Bambancin da ka gani sai ka gyara shi a cikin lambobin umarninka. Don danshi, zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, rufe shi tare da sensan cikin mazubi da iska ba ta shiga, ka bar su su kwana. Ya kamata sensan ya nuna kusan kashi 75. A cikin injin, kada ka liƙa sensan kusa da ƙwan fitila ko saman kwanon ruwa, shi kuma ESP32 ka ajiye shi waje domin yana da nasa ɗumin. Bayan kowace ƙyanƙyasa ka duba ramukan sensan, gashin 'yan tsaki yana toshe su.

Abu biyu kuma game da haɗa shi da intanet. Kunna hita da kashe ta ya zama ESP32 ne ke yanke hukunci da kansa a nan cikin gida, intanet ta tsaya a kan kawo maka labari kawai, saboda sabis yana ɗaukewa kuma ƙwai ba ya jira. Sannan DHT11 da DHT22 duka wani lokaci sukan kasa ba da amsa, ka ga haruffan NaN, alamar ba a samu karatu ba, a maimakon lamba. Rubuta a cikin umarnin ESP32 cewa in hakan ya maimaitu a kashe hita a yi ƙara, kuma wayarka ta sanar da kai in mintoci sun wuce babu saƙo, domin shirun nan sau da yawa ɗaukewar wuta ce.

In aljihu zai ɗauka, ko kana shirin zuba ƙwan zabi da ke kai kwana 26 zuwa 28, nemi SHT31 na kamfanin Sensirion da ke Suwizalan. Kuskurensa a zafi wajen digiri 0.2 zuwa 0.3 ne, sai dai yana buƙatar igiyar waya biyu ta saƙo maimakon ɗaya.