Rufin tsohuwar Fijo, da yadda ake ɗora shi a Faransa

Jama'ar Bauchi, assalamu alaikum. Duk wanda ya sha hawa 504 tsakanin Bauchi da Jos gani yake ya gama sanin Fijo. To akwai 'yar uwarta da ba a taɓa haɗawa a Kaduna ba, wato 504 Cabriolet mai ƙofa biyu, wadda ake naɗe rufinta a kwantar a baya. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya tsara bodinta, aka ƙera ta daga 1969 zuwa 1983. Irinta na tarar a shagon wani mai ɗinkin kujerun mota kusa da garin Sochaux a nan Faransa, inda masana'antar Peugeot take. Makonta uku ba rufi, ga sabon yadin a kwali, amma mutumin ya ƙi ɗorawa saboda ɗamara biyu da ya yi oda ba su iso ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ɗamarar nan ita ce ke bi ta kan ƙarafan rufin daga gaba zuwa baya, ita ke tsayar da tazarar da ke tsakaninsu. In aka mayar da tsohuwar da ta riga ta saki, ƙarfen baya zai goce, yadin ya yi tumbi, ruwan sama ya kwanta a kai. Shi ya sa yadi ne na ƙarshe a aikin. Da farko a cire tsohon rufin a hankali, kada a yaga, domin da shi za a gwada sabon. A duba ƙarafan, a kankare tsatsa, a yi fenti, a canza bushin da ya cinye, a sa giris a gaɓoɓi. A rufe ƙarafan haka nan ba yadi, a ga ko makullan gaba biyu suna kamawa ba tare da an danna da ƙarfi ba. Sai wayoyin gefe masu ɗaure bakin yadin a saman gilashin ƙofa, su ma sababbi.

Yadin kansa ba tamfol ba ne. Mai kyau irin Sonnenland hawa uku ne: saƙa a waje, roba a tsakiya mai tare ruwa, sai shafi a ciki. Ana ɗinka shi da zaren roba, don na auduga ruɓewa yake yi. Ana ɗorawa a ɗaki mai ɗumi, a ja layin tsakiya da alli, a kama baya tukuna sannan gaba. Gam ɗin a shafa a ɓangarori biyu, a ba shi minti 10 zuwa 15 ya sha iska kafin a manna. An gama, a bar rufin a rufe kamar mako biyu ya zauna.

Yanzu ku kawo wannan aiki gida. Za a ce “Alhaji, ai sai a yi maneji”, a yanko tamfol irin na rumfar biki, a ɗinke, inda makulli ya karye a ɗaure da waya. Damina ɗaya ta isa: ruwa ya bi ramin allura ya sauka ƙarƙashin kafet, ƙasan motar ta ruɓe. Ba hannu ne masu ɗinkinmu ba su da shi ba, na san suna da shi. Mu masu mota ne ba ma son jira, ba ma son biya. Kuma 504 nawa muka miƙa wa 'yan gwangwan aka auna a kilo, alhali a nan Faransa kafin a sayar maka da robar ƙofa sai an tambayi lambar bodin motar?

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. A nan kuɗin aiki da awa ake lissafawa, ba ciniki, ba “rage mini”. Sai ka nemi rana kafin a duba maka mota, da azahar shago a rufe, watan Agusta kuwa da yawansu sun tafi hutu. Sai mutum ya tuna bakaniken gida da za ka kira bayan la'asar ya zo har ƙofar gida, a zauna gindin darbejiya ana aiki ana hira.

Wanda Allah ya ba irin motar nan a Bauchi, ya kula da tagar baya, domin leda ce mai kauri. Ƙurar hunturu in aka goge ta da busasshen tsumma, ta karce ke nan har abada; a fara kwarara ruwa. Da sanyin asuba kada a naɗe rufin, ledar na iya tsagewa, kuma kada a naɗe shi a jiƙe, zai yi fumfuna.