Jidda ko Madina: Ina Ya Fi Sauƙin Layi Ga Mai Tahowa da Tsohuwa?

Hajiya, kin tambaya ko ta Jidda za ku sauka ko ta Madina, tunda da Inna za ki taho Umarar azumi kuma ƙafarta ba ta jure tsayuwa. Na bi ta duka biyun, kuma in zaɓin yana hannunki, ku sauka Madina.

Aikin jawazat, wato jami'an shige da fice, iri ɗaya ne a ko'ina: jami'i ya duba fasfo da biza, ya ɗauki hoto, ya ce a ɗora yatsu kan na'ura. A nan tsofaffi ke daɗewa. Lokacin da na taho da goggona, sai da jami'in ya goge gilashin ya sake kama hannunta har sau huɗu, domin zanen yatsun ya sha aiki, ga kuma lallen da ta ƙunsa don murnar tafiya. Ki roƙi Inna ta haƙura da lalle a bakin yatsu sai an dawo.

Bambancin shi ne yawan mutanen da ke gabanku, da abin da ke jiranku bayan an buga tambari. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda shi ne ƙofar Makka, jirage kuwa kan sauka a jere, musamman da dare da kuma goman ƙarshe. In sa'a ta zo, nan da nan kun fita. In jirage uku suka riga ku, sai haƙuri. Gashi kun riga kun ɗauki harami tun a sama, don haka bayan layi ga motar Makka, ga ɗawafi, ga Safa da Marwa, duk a kan ƙafar nan guda.

Filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina bai kai wancan girma ba. Sabon gininsa na 2015 ne, tafiya daga jirgi zuwa jawazat ba ta da tsawo. Shi ma yana cika da azumi, amma kuna fita sai masauki. Inna ta huta, ta yi ziyara, sannan ku ɗauki harami a Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina. Jirgin ƙasa na Haramain yana kai mutum Makka cikin kamar awa biyu da rabi.

Wajen komawa gida kuwa, layin awon kaya ne ke karya gwiwa, ba jawazat ba, kuma Jidda ta fi tsanani. Mu ne da tsaraba: dabino, abaya, dardumai. Kilo na haurawa, sai a zube jaka gaban kanta ana kwashe-kwashe, layi ya tsaya cak. Ku auna kayanku tun a masauki. Zamzam jarka mai lita 5 ce a rufe, amma ki fara tambayar kamfanin jirginku ko yana ɗauka. Ki duba tikiti da kyau ki ga wace tasha ce, domin a filin Jidda Tasha ta 1 da ta Arewa da ta Alhazai ba kusa suke da juna ba. Da azumi ni nakan isa filin jirgi awa huɗu kafin tashi.

Ko ta ina kuka bi, ki sa mai sayar da tikiti ya rubuta wa Inna keken marasa lafiya tun yanzu, zuwa da komowa. A nan Saudiyya "arabiyya" ake ce wa keken, in kin faɗa kowane ma'aikaci zai gane. Allah ya kawo ku lafiya, ki gaida min Inna.