iRig 2 ko Scarlett Solo, amsa ga mai jita da tablet

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsakanin iRig 2 da Focusrite Scarlett Solo ɗin da ka tambaya wanne zaka saya don haɗa jita da tablet ɗinka, Solo zaka saya, sai dai in kuɗin ne basu kai ba, shima gara ka ƙara haƙuri ka tara. Amma baka faɗa mana wane irin tablet bane, kuma rabin maganar a nan take.

iRig 2 dai na kamfanin IK Multimedia ne na Italiya, ɗan ƙarami ne yana shiga aljihu, baya buƙatar batir, kuma yana aiki, ban ce baya yi ba. Matsalarsa hanyar da yake bi. Ta ramin iyafis yake shiga, wato sautin jitarka ta layin mayik ɗin tablet zai wuce, layin da aka yi shi don kiran waya, tablet ɗin ne da kansa zai juya sautin zuwa dijital. Shiga da fita duk a kan tsinke ɗaya suke maƙwabtaka, shi yasa da ka ƙara gain, wato ƙarfin sautin da ke shiga, ko ka ɗora distoshin, ƙaushin nan da ake sa wa sautin jita, sai kaji shuuu, wani lokacin har ƙara mai tsini ta feedback. Sannan duba tablet ɗinka tukuna ko ramin ma yana nan, don Apple sun cire shi daga iPad Pro tun 2018, iPad Air a 2020, ƙaramin mini a 2021, iPad na goma a 2022, Samsung ma manyan Tab S ɗinsu na yanzu basu da shi. In babu ramin to maganar iRig 2 ta mutu tun a nan, kada wani ya ce maka ka haɗa da adafta, jere-jeren adafta ciwon kai ne kawai.

Solo kuwa saund kad ne na gaske, wato na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta ko tablet, irin wanda zaka gani a ƙananan situdiyo, jan nan mai jikin ƙarfe, kamfanin na Ingila ne. Shi yake juya sautin a cikinsa, 24-bit har zuwa 192kHz, ya miƙa wa tablet ta USB a wanke. Akwai ramin jita da maɓallin INST a gefensa, kuma wannan maɓallin shine abun da mutane basa ganewa, jitar lantarki siginar ta mai rauni ce tana son mashiga mai impidans babba, in ka soka ta a layi na gama-gari sai sautin ya dushe kamar an toshe mata hanci, da ka danna INST sai ta buɗe. Zoben da ke jikin gain ɗin yana kawo kore in komai lafiya, ja in ka cika, ko baka san komai ba a harkar zaka iya saitawa da ido. Ga kuma ramin mayik na XLR da wutar 48V da mayik ɗin situdiyo ke buƙata, wanda iRig 2 bashi da shi sam, kuma ni na san ku, yau jita ce gobe zaka ce kana son ɗora murya.

Nawa Solo ɗin na ƙarni na uku ne, wato fitowa ta uku, wanda ya fito 2019, shine suka fara saka masa USB-C. Wlh abun ya sha wuya a hannuna, a jakar baya yake yawo cikin danfo daga Agege zuwa Idi-Araba, ruwan Legas ya taɓa jiƙa jakar, fentin gefensa har ya koɗe amma ko tari bai taɓa yi ba. Akwai wani abokinmu mai waƙar biki da aka bashi aikin waƙar amarya ana saura kwana kaɗan kamu, situdiyon da yake zuwa jen ɗinsu ya lalace, NEPA kuma kun san hali. A ɗakina muka zauna da iPad da Solo da mayik ɗin aro, muka kashe fanka muna zufa, na ɗora jita ya ɗora murya a GarageBand, manhajar ɗaukar waƙa ta Apple, duk a kan batir. Ranar bikin da DJ ya saka uwar amarya sai da ta aiko a tambayi wane situdiyo ne. Tun ranar na daina jin zafin kuɗin da na biya.

Toh yanzu maganar tablet. In iPad ne mai USB-C, kebul ɗaya ka soka shikenan, ba sai ka saka manhajar direba ba, ba komai, iPad ɗin ne ke bashi wuta, sai dai caji zai riƙa sauka da sauri. In mai Lightning ne irin iPad na tara zuwa ƙasa, nan ne Solo yake da ɗan fitina, wutar da ramin ke bayarwa bata isarsa, zai rubuto maka cewa na'urar na jan wuta da yawa. Sai ka nemi adaftar kyamara ta Apple mai rami biyu wadda ake soka caja a gefe, wani lokacin har da USB hub mai wutarsa. In baka son wannan tarkacen to akwai iRig HD 2, kar ka haɗa shi da iRig 2 sunan ne kawai ya yi kama, shi dijital ne 24-bit 96kHz kuma da kebul ɗin Lightning yake zuwa a kwali. Ga mai tsohon iPad da jita kaɗai ya dame shi wannan zaɓi ne mai kyau.

In kuma Android ne, gsky ka rage buri. Dole tablet ɗin ya zama yana karɓar OTG, wato ana iya soka masa na'urar USB ta yi aiki, GarageBand babu shi a can, sai BandLab ko n-Track ko Audio Evolution Mobile wanda yake da direban USB nasa na kansa. Babban ciwon shine jinkiri, ka kaɗa tsirkiya sai sautin ya biyo baya a kunne, kaɗan ne amma ya isa ya rikita maka hannu, kuma ya danganta da tablet ɗin, wani da sauƙi wani ba'a magana. Solo yana da maɓallin direct da zai baka sautin kai tsaye ba jinkiri, sai dai busasshe zaka ji, ba distoshin ba rivab mai sa sauti amsa-kuwwa, don bai bi ta cikin manhaja ba. Don ɗauka ya wadatar. Hedifon na Bluetooth kuma ka manta da shi a wannan harkar, mai waya zaka saka, kuma ramin hedifon ɗin Solo babba ne 6.35mm, ka sayi ɗan kan nan mai mayar da ƙarami babba.

Wani abu da ba'a faɗa, in kana kaɗawa tablet na jone a caji musamman wutar jen, zaka iya jin gunji huuum a ƙasan sautin, kar ka zargi saund kad ɗin, cire cajar ka gani. Fawa bank yafi.

Baka tambaya ba amma zan faɗa. iRig na daga cikin kayan da aka fi yi wa jabu, baƙin roba mai rubutu iri ɗaya a kwali mai ƙyalli, ana sayarwa kuɗin shawarma, araha kuma bata ado. Ko Alaba zaka ko Computer Village, kasuwannin kayan lantarki na Legas, kar ka bi yaran nan masu tare mutum a bakin hanya suna "oga wetin you wan buy", shago zaka shiga mai adireshi, ka tafi da tablet ɗinka da kebul da hedifon, in da hali har jitar, a gwada a gabanka. Murɗa gain ɗin a hankali kaji ko yana ƙarƙar, girgiza kebul a ramin USB ka ga ko yana yankewa, danna 48V ka ga wutarsa ta kawo. Lambar siriyal ɗin da ke ƙasansa ka shigar a shafin kamfanin kana tsaye a wurin, in ta ƙi shiga ajiye musu kayansu. Na hannu kuma wanda suke cewa tokunbo ba laifi bane, amma in mai shi na farko ya riga ya yi rajista to manhajojin kyautar da ke biyo shi sun tafi, sai a rage maka kuɗi, kuma a kula akwai masu saka tsohon ƙarni na biyu a kwalin sabo, ramin bayansa zaka duba, na biyu babban USB ne mai kusurwa irin na firinta. Masu sayarwa a intanet da ke cewa turo rabi a kawo maka, ko sisi.

Farashi ban saka ba don dala ke juya shi kullum, amma ka sa a ranka Solo zai kai kusan ninki uku na iRig 2 na asali. Solo na ƙarni na huɗu ya fito 2023, in ka samu na uku mai tsafta da sauƙi ɗauka kawai, bambancin ba zai dame ka ba a matakin da kake. Turo mana sunan tablet ɗin da hoton ramin cajinsa in gaya maka kebul ɗin da zaka haɗa da shi.